Injiniya Inuwa Ya Hau Layi

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin Tarauni ya kwanta rashin lafiya, kafin a gama shawarar fitar da shi waje rai ya yi halinsa. Mutumin kirki ne, haka kowa ya faɗa a wurin zaman makoki, ko da yake ba a samu wanda ya tuna ranar da marigayin ya taɓa buɗe baki a zauren majalisa ba. Tun ba a naɗe tabarmin ta'aziyya ba hotunan masu son kujerarsa suka fara bayyana a jikin turakun lantarki na titin Zariya.

A Gyadi-Gyadi akwai wani mai walda da ake kira Inuwa. Ƙofofi yake ƙerawa da tagogi da gadajen ƙarfe. Gajere ne kakkaura, yana da wata irin murya da ya samu saboda shekarun da ya kwashe yana magana a kan ƙarar injin yankan ƙarfe, ta yadda ko sirri zai gaya maka sai an ji a tsallaken titi. Duk tsawon mulkin soja shi ne mai cika teburin mai shayi da zancen dimokuraɗiyya, amma sai ya waiga hagu da dama tukuna. Da farar hula suka dawo ya je ya yanki katin jam'iyya, ya naɗe shi a leda ya sa a aljihun gaba. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: a san da shi.

Jam'iyyarsu ce ke da rinjaye a yankin, don haka kowa ya san duk wanda ya ci zaɓen fid da gwani ya gama cin kujera. Mutum biyu suka fito da gaske. Na farko Malam Rabi'u, malamin makaranta a Darmanawa, wanda ya ajiye alli ya ce shi ma zai gwada. Wannan Rabi'un kuwa yayan Indo ne, matar Inuwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa ya ɗauka Inuwa ne zai riƙe masa lasifika.

Abin da ba a sani ba, Inuwa na da tsohon ciwo. Ranar sunan 'yarsa Hasana, Rabi'u ya zo da abokansa malamai masu biro a aljihu, ya nuna shi ya ce, "Wannan mijin Indo ne, mai liƙin ƙarfe." Hasana har ta shiga sakandare, amma maganar nan tana nan daram a ran Inuwa.

Na biyun shi ne Alhaji Yusufu. Hotonsa ya ce haifaffen Tarauni ne, kuma babu wanda ya musa, tunda babu wanda ya san shi balle ya musa. A Ikko ya yi zamansa yana kai wa sojoji takalma da barguna. Da iska ta juya sai ya gano ashe tun yana yaro yake ƙin mulkin kama-karya.

Wata safiya marsandi ta tsaya a gaban rumfar Inuwa. Alhaji Yusufu ya fito cikin farar shadda yana tattare bakin riga kada ta taɓa baƙin mai. Allunan ƙarfe yake so a yi masa na kafa hotuna a mararraba. Ya tsaya yana duban wata ƙofa da aka jingine, ya shafa ta da yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai! Ashe akwai injiniyoyi irinku a garin nan aka bar ku a rana? Injiniya wa?"

Inuwa ya cire baƙin tabaransa na walda, ya rasa inda zai ajiye shi. "Inuwa, ranka ya daɗe."

"Injiniya Inuwa. Irinku nake nema. Daga yau kai ne Daraktan Wayar da Kan Jama'a na kwamitina."

Bayan motar ta tashi, Cyprian, mai shagon kayan gyaran babur da ke jikin rumfar, ya leƙo. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari.

"Malam Inuwa, na ji an yi maka ƙarin girma."

"Injiniya," in ji Inuwa.

"To, Injiniya. Shi kuma surukin naka fa?"

"Siyasa ba gado ba ce, Cyprian. Cancanta ake dubawa. Wannan ita ce dimokuraɗiyyar da muka sha wuya a kanta."

"Wace wuya kuka sha? Ni dai shayi na ga kuna sha."

Inuwa ya koma kan aikinsa. Kafin la'asar ya sa an rubuta INJINIYA da jan fenti a saman rumfar.

Da ya koma gida ya tarar da Indo tana tankaɗe. Ya yi gyaran murya ya sanar da ita muƙaminsa. Ta ajiye rariya ta dube shi.

"Baban Hasana, Yaya Rabi'u fa yana takara."

"Na sani."

"Ka sani? Wane ne wannan Yusufun? Ɗan gidan wa ne? Wa ya taɓa ganinsa a jana'izar wani?"

"Mutum ne mai hangen nesa."

"Ai kuwa nesa, tunda daga Ikko ya hango kujera." Ta ɗauki rariyarta. "Ni dai ka san inda zan tsaya."

Washegari ya tashi ya ga hoton Rabi'u a manne a ƙofar kicin. Shi ma ya manna na Alhaji a ƙofar ɗakinsa. Hotunan biyu suka wuni suna hararar juna ta saman igiyar shanya.

Aikin Darakta bai zo da sauƙi ba. Alhaji Yusufu bai san ko lungu ɗaya na mazaɓar da yake son wakilta ba. Bai san inda Gyadi-Gyadi ta ƙare Darmanawa ta fara ba, kuma sau biyu yana kiran Ƙauyen Alu da Ƙauyen Ali. Inuwa ne ke zama a gaban mota yana nuna hanya, yana raɗa masa sunayen masu unguwanni kafin a sauka, raɗar da masu unguwannin ke ji tun daga zaure.

Dabarar Alhaji ita ce zuwa gaisuwa. Duk inda aka yi rasuwa sai ya je, ya zauna a tabarma, ya ciro farin hankici. Yana da baiwar hawaye; da ya sunkuyar da kai sai su zo. Wata Asabar aka gaya musu an yi rashi a bayan kasuwar Tarauni. Suka shiga layin, Alhaji ya hango rumfa da mutane a zaune, bai jira Inuwa ba ya buɗe mota ya fita. Ya kama hannun maigidan da hannu biyu, ido ya riga ya kawo ruwa.

"Sai haƙuri. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wallahi mutumin kirki ne, na san shi ƙwarai."

Maigidan ya zare hannunsa. A gefe ga rago an ɗaure, wanzami na wasa aska. Suna ake yi. Gidan rasuwar yana can ƙarshen layi.

Da wani ne, da ya nutse don kunya. Inuwa kuwa ya ɗaga lasifika ya sanar da jama'a cewa Alhaji yana nufin kakan jaririn, wanda ya rasu tun zamanin jihar Arewa, domin shi Alhaji ba ya manta mutanen kirki komai daɗewa. Wasu tsofaffi har suka gyaɗa kai. A mota Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Injiniya, in na shiga majalisa, kai ne idona." Inuwa ya ji kamar an ɗora masa rawani.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Da farko yabon Alhaji kawai yake yi. Da ya ga mutane na hamma, sai ya juya kan Rabi'u. Kuma wa ya san Rabi'u kamar mijin ƙanwarsa? A wani taro a bakin titin Maiduguri, 'yan acaɓa sun kewaye shi suna ta danna odar babura, ya ba da labarin wata ranar Sallah da talo-talon surukarsa Inna ya biyo Malam Rabi'u, malami guda da babbar riga, ya haye katanga yana kiran a kawo ɗauki.

"Jama'a!" ya daka tsawa. "Wanda talo-talo ya kora, shi ne zai tsaya gaban gwamna ya ƙwato muku haƙƙi?"

"A'a!"

Labarin ya zagaye Tarauni kafin magariba. Duk inda Rabi'u ya bi sai a ji wani daga bayan shago ya yi kukan talo-talo. Ɗalibansa na da ma ba su bar shi ba.

Inna, mahaifiyar Indo da Rabi'u, ta daina amsa gaisuwar Inuwa. In ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, ina wuni," sai ta juya ta tambayi jikarta ko iska ce ke kaɗa ƙyaure. Indo ba ta yi yaji ba, ba ta daina girki ba. Sai dai tun daga ranar, miyar gidan ta zama ruwa-ruwa, kuma in ya yi magana sai ta ce, "A yi haƙuri, Injiniya, mu ba mu yi karatun girki ba."

Cyprian ya same shi wata rana yana goge allon hoto. "Injiniya, ka rage wuta. Waɗannan mutanen gobe za ka gan su a kwano ɗaya. Kai kuma gidan Inna ba ka da wani."

"Ba ka san Alhaji ba. Ya rantse a gabana ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai janye ba."

"To. Ni ma ina da kati, zan tsaya a bayanka. Don kai, ba don shi ba."

Uwar jam'iyya ta sanar cewa ƙato bayan ƙato za a yi, wato babu akwati babu ɓoye-ɓoye: kowa ya fito da katinsa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna a rana tsaka. A filin wata makarantar firamare a Tarauni aka shirya abin.

Inuwa ya riga kowa zuwa. Ya ɗinka sabuwar riga mai hoton Alhaji a ƙirji, ya kafa allon ƙarfen da ya ƙera da hannunsa, ya tsaya a bayansa, shi ne na farko a layi. Kafin hantsi fili ya cika. Layin Alhaji ya miƙe har bakin famfo, ya lanƙwasa. Na Rabi'u ma ba laifi, amma duk mai ido ya san na Alhaji ya fi. A can ɓangaren mata na layin Rabi'u ga Indo, ga Inna a kan kujerar roba da aka ɗauko mata, ta kafa wa Inuwa ido ba ta ko ƙiftawa. Ya juya mata ƙeya ya ɗaga lasifika.

"Sai Alhaji!"

"Sai Alhaji!" layi ya amsa.

Ba a fara ƙirga ba. Aka ce ana jiran manya daga hedikwata. Manya suka iso cikin motoci masu baƙin gilashi, ba su dubi layi ba, suka wuce ofishin hedimasta. Aka aiko aka kira Alhaji Yusufu. Aka aiko aka kira Malam Rabi'u. Aka rufe ƙofa.

Rana ta take. Masu sayar da ruwan leda suka yi ciniki har suka gaji. Wata tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi, aka yi mata fifita ta farfaɗo ta koma layinta. Aka kira azahar, mutane suka riƙa zuwa salla kashi-kashi, kowa na barin takalmi ya riƙe masa wuri. Inuwa bai daina ihu ba har muryarsa, wadda injin yankan ƙarfe bai taɓa kayarwa ba, ta fara dishewa.

Can sai ƙofa ta buɗe. Shugaban jam'iyya ya fito a tsakiya, hannunsa na dama riƙe da Alhaji Yusufu, na hagu riƙe da Malam Rabi'u, dukansu suna murmushi irin na waɗanda suka ci suka ƙoshi. Aka nemi lasifika ba a samu ba, sai wani ya zo ya karɓi na hannun Inuwa.

Shugaba ya yi salati, ya yi wa marigayi addu'a, ya yabi jama'a bisa haƙurinsu. Sannan ya ce jam'iyya gida ɗaya ce, kuma a gida ɗaya ba a ƙirga 'ya'ya a rana. Don haka dattawa sun zauna an yi maslaha. Alhaji Yusufu, saboda kishin Tarauni da ya sha a nono, ya janye wa ƙaninsa Malam Rabi'u.

Alhaji ya karɓi lasifika, ya ciro farin hankici. Ya ce tun ranar da ya fara ganin Malam Rabi'u ya san ya ga shugaba. Ya ce duk wasu maganganun banza da aka riƙa yaɗawa a kan wannan bawan Allah, shi bai san da su ba, aikin 'yan bakin titi ne marasa tarbiyya. Suka rungume juna. Hawayen suka zo a kan lokaci.

Abin da aka yi a ofishin ba wani ɓoyayyen abu ba ne, kafin yamma kowa ya ji. Manya sun fi son Rabi'u don ba shi da kowa sai su, duk abin da aka ce ya sa wa hannu zai sa. Shi kuwa Alhaji dama ba kujerar ce ta dame shi ba. An yi masa alƙawarin kwangilar gine-gine, kwangila kuwa sana'arsa ce ta da, sai dai yanzu masu ba da aikin farar hula ne, ba masu kaki ba.

Layin Alhaji ya fara zubewa. Na baya suka fara sulalewa, sai na tsakiya, sai aka kwasa da gudu gaba ɗaya, kowa na son a gan shi a layin Rabi'u kafin a gama tafi. 'Yan acaɓan da suka fi kowa iya kukan talo-talo su ne suka ɗaga Rabi'u sama. Wani ya cire rigarsa mai hoton Alhaji ya juya ta ciki ya mayar.

Inuwa bai motsa ba. Ba jarumta ba ce, rasa inda zai nufa ya yi. Ya waiga ya ga babu kowa a bayansa sai Cyprian da takalman da aka manta.

"Injiniya," in ji Cyprian a hankali, "ni fa shago gare ni a unguwar nan. Ba na tsayawa inda 'yan gari suka watse." Ya dafa shi, ya tafi.

Tawagar manya ta biyo ta gabansa za ta shiga mota. Inuwa ya tari gaban Alhaji, da 'yar muryar da ta rage masa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ce ko sama da ƙasa..."

Alhaji ya dube shi da fara'a, irin duban da ake yi wa fuskar da aka taɓa gani a wani wuri. "A'a, malam kafinta! Sannu da ƙoƙari. A ci gaba da ba jam'iyya goyon baya." Gilashi ya ɗaga, mota ta ja.

Da ya juya, Inna na tsaye a bayansa tana dogara sanda. Karon farko cikin makonni ta yi masa magana.

"Inuwa, an gama. Ko kana jira a ƙirga ka ne?"

Sai da aka haɗa da limamin unguwa da wani kawun Indo kafin a shirya su. Inuwa ya je Darmanawa ya durƙusa a gaban Inna, ya durƙusa a gaban Rabi'u, ya ce sharrin shaiɗan ne. Rabi'u, wanda tuni aka fara kira Onarabul, ya ce ba komai, siyasa ce, ya yafe. Ya faɗi haka ne yana duban agogo. A duk faɗin Tarauni, mutum ɗaya tak aka samu da laifin zagin ɗan takarar jam'iyya, har reshen mazaɓa ya dakatar da shi na wani lokaci don ya zama darasi.

Rabi'u ya ci zaɓen cike gurbi ba tare da wahala ba. Bai cika wata uku ba ya ce Darmanawa ta yi masa hayaniya, ba ya samun natsuwar nazarin dokoki. Ya sayi gida a Hotoro. Wanda aka ba aikin ɗaga katangar gidan da gyara shi kuwa Alhaji Yusufu ne, kuma da aka zo kan ƙofa, yaran Alhaji suka kawo wa Inuwa aikin don ya fi kowa sauƙi.

Cyprian ya ce in shi ne ba zai karɓa ba. Inuwa ya karɓa. Ya zuba duk abin da ke cikinsa a kan ƙarfen nan. Ya yi ƙofa baƙa, doguwa, mai kauri, da tsini irin na mashi a sama, ko siririyar kafa bai bari ba da za a leƙa ciki.

Wata ranar Juma'a Indo ta yi dambun nama ta zuba a kwano, ta ɗauki Inna a tasi suka tafi Hotoro ganin sabon gida. Ba su daɗe ba sai ga ta ta dawo da kwanonta a rufe yadda ta tafi da shi. Ta cire mayafi ta jefar a kan tabarma.

"Lafiya?" in ji Inuwa.

"Maigadi ya ce Onarabul na ganawa, sai mai alƙawari. Na ce ni ƙanwarsa ce, ga uwarsa nan a mota. Ya ce tun safe ƙannensa ke zuwa." Ta zauna tana huci. "Na buga ƙofar nan har hannuna ya yi ja, ko motsi ba ta yi ba, ko sauti ba ya shiga. Kai ma Baban Hasana, da za ka yi ta, sai ka yi ta kamar ta gidan yari? Ko 'yar tagar da mutum zai leƙa ya kira suna babu!"

Inuwa ya jawo kwanon, ya buɗe, ya ɗebi dambun ya kai baki. Ya tauna a hankali.

"Ƙarfe mai kauri na sa," ya ce. "Ko da mota aka daki ƙofar nan ba za ta buɗe ba."

Indo ta fizge kwanon daga gabansa ta shige ɗaki.